Ƙofar Gidan Goggo

"Ka ji tsoron Allah, Barista. Matar nan fa ita ta goye ka."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Jiya dillalin ya sake zuwa, ni ya tarar a tsakar gida. Ya ce mai gidan ya gaji, ga wani mai saye a tsaye da kuɗinsa. Me zan ce masa? Mijina bai gama bincike ba? Binciken da aka fara ina da cikin yarinyar nan, ga ta yanzu tana fasa mini kofuna?"

"To na ji. Gobe in kira su a sa hannu, Goggo ta kwashe kayanta ta tafi gidanta. Ke za ki riƙa juya Baba? Ke za ki yi masa wanka, ki sauya masa zane? Faɗa mini, yanzun nan in je ofis in gama."

Amarya, matarsa, ta koma kan shayinta. Sai ƙarar cokali a cikin kofi, yana ta zagaya shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

Bangon da ya raba falon Barista da ɗakin mahaifinsa bulo ɗaya ne, an kuma huda shi daga sama don wayar lantarki. A bayansa Goggo ke zaune a bakin gado, da reza a hannu, ta aske rabin gemun yayanta, rabi yana cikin kumfa. Ciwon da ya shanye wa Yaya ɓarin jiki ya nauyaya masa harshe, amma bai taɓa kunnensa ba. Ya ji. Ta ga ya ji, domin idonsa ya bar fuskarta ya koma kan silin. Ta ɗaga masa haɓa da yatsa biyu, ta ci gaba da askin kamar ba ta ji komai ba. Shekaru talatin na aikin jinya sun koya mata wannan.

Kowa Goggo yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Aurenta bai yi tsawo ba, bai kuma bar mata ɗa ba. Da matar Yaya ta rasu ta bar yaro na rarrafe, sai ta zo riƙon gidan "kafin ya sake aure". Yaya direban babbar mota ne a lokacin, mutumin da ba ya kwana uku a gari ɗaya, kuma bai sake auren ba. Don me zai sake, alhali duk sanda ya dawo ga abinci, ga wanki a ninke, ga yaro ya yi ɓul-ɓul? Yaron ya girma, ya karanta shari'a, ya kawo matar da har yau ake kira Amarya duk da 'ya'yanta uku. Ita kuwa Goggo tana nan a ɗakin da ke kusa da kicin, wanda tagarsa ke kallon bangon makwabta. Watan da ta yi ritaya, watan Yaya ya faɗi a banɗaki. 'Yan'uwa suka zo dubiya, kowa da bakinsa: "Allah Ya yi masa gata, ga ma'aikaciyar jinya a gida." Ba wanda ya tambayi ma'aikaciyar.

Gidan da ta gani ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki biyu da falo, a ƙarshen wani layi da mota ba ta juyawa sai da baya-baya. Amma akwai taga mai kallon gabas, da famfo a tsakar gida, da ƙofar da in ta rufe ba mai cewa "Goggo, ina kika ajiye kaza?" Ranar da dillali ya kai ta, ta tsaya a falon babu kowa, ta yi tari don kawai ta ji muryarta ta dawo mata. Da kuɗin sallamarta ta ba da kafin alƙalami.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta ce mata, "Ki nemi lauya na waje, wanda za ki biya ki kuma zage shi in ya yi wasa." Goggo ta yi dariya. Da lauya a gida? Wanda ta wanke wa kashi? Ai duniya sai ta zage ta. Shi ma Barista da ta zo masa da maganar, dafa ƙirji ya yi: "Haba Goggo, ni in karɓi kuɗinki? Allah Ya kiyaye." Nan ta shiga rami da ƙafarta. Aikin da aka biya ana bin sawunsa. Aikin alheri kuwa sai godiya, ko an yi ko ba a yi ba.

Kuma ba ƙarya ya riƙa yi mata ba, abin da ya ɗaure ta ke nan. Duk tambayar da ya kawo ta gaskiya ce. Shin sunan da ke kan takardar mallaka shi ne sunan mai sayarwa? Sai an je ofishin filaye an duba. Aka duba. Shin ba a jinginar da gidan a banki ba? Aka duba. To gidan nan gado ne, mai sayarwa yana da 'yar'uwa a wani gari, ta amince a rubuce? Aka nemo ta. To katangar baya fa, a kan iyaka take ko ta ci filin makwabci? Sai safiyo, mai awon fili, ya auna. To kwatar da ta ratsa ta gefe, ta wa ce? Duk sanda ta tare shi yana ɗaura agogo zai fita, sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Goggo, gara a yi a hankali. Ba na so a cuce ki." Wa zai yi faɗa da wanda ba ya so a cuce shi?

Ta wanke rezar, ta goge wa Yaya fuska, ta shafa masa mai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ita ta daɗe da jin tsamin. Matar da ta ƙare rayuwarta tana karanta fuskokin 'yan'uwan marasa lafiya, masu cewa "bari in je in dawo" ba su dawo ba, ba ta buƙatar hudar bango ta gaya mata halin ɗan da ta raina. Abin da bangon ya yi mata shi ne ya hana ta ci gaba da yin kamar ba ta sani ba. Domin akwai wani abu da ba ta taɓa faɗa wa ko da matashin kanta ba: duk ranar da Barista ya zo da sabuwar tambaya, takan ji haushi a baki, amma can ƙasan ciki takan ji wani sanyi. Muddin takardun suna hannunsa, tana da gida, ba ta kuma guje wa ɗan'uwanta ba. Laifin ba nata ba ne, na bincike ne.

Yaya ya motsa hannunsa mai lafiya ya kama bakin zanenta. Ya daɗe yana tattara kalmar.

"Je... ki."

"In je ina? Kai dai ka faye surutu," ta ce, ta cire hannun ta mayar masa kan ƙirji. Bai saki da sauri ba.

Ofishin lauyar da abokiyarta ta kwatanta mata yana saman wani shagon tayoyi, matakalarsa tana warin roba. Mace ce gajera mai tabarau a goshi, tana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ta saurari Goggo har ƙarshe.

"Wa ke biyansa?"

"Ba ya karɓa. Ɗana ne, ɗan yayana."

"To shi ya sa. Mama, lauyan sayen gida tambaya huɗu ake masa tun a bakin ƙofa: wa kake wa aiki, nawa ne ladanka, a hannun wa kuɗina za su zauna kafin a sa hannu, yaushe za ka gama. Wacce kika yi masa?"

"Na tambaye shi ko ya ci abinci."

Lauyar ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. Da ta sha ruwa sai ta ce duk abin da ya bincika daidai ne, ita ma shi za ta bincika, amma aikin makonni ne, ba na goyon ciki da yaye ba.

"Ana iya sauya lauya a tsakiyar ciniki?"

"Ko yau. Ke kika ɗauke shi, ke za ki sauke shi. Sai dai takardunki suna wurinsa. In rubuta masa ya aiko, ko ki karɓo da kanki?"

Goggo ta hango takardar wata baƙuwa tana isa teburin yaron da ta koya wa riƙe fensir. Ta ce za ta je da kanta. Ta sauko matakalar tana dafa bango, kamar wadda aka ba sakamakon gwaji.

Barista ya miƙe tsaye da ganinta, ya kori magatakardansa, ya jawo mata kujera da hannunsa.

"Goggo, da kin aiko ai da na zo. Lafiya? Baba ne?"

"Babanka yana nan inda ka bar shi. Takarduna na zo karɓa."

Ya gyara alƙaluman da ke kan tebur, waɗanda ba su karkace ba. "Wani abu aka ce na yi?"

"Ba wanda ya ce. Bangon ne ba shi da kauri."

Ya zauna. Ta ga kunnuwansa sun motsa kamar yadda suke yi yana ƙarami in an kama shi da hannu a tukunya. Ta so ya yi musu, da ta samu abin faɗa. Bai yi ba.

"Na gwada, Goggo. Ranar da kika je asibiti ganin idonki, na ce bari in sauya masa zane da kaina. Ya juya fuska bango yana hawaye. Ubana ne. Ban iya ganinsa haka ba."

"Ni kuma yayana ne. Namiji ne, ni mace. Ka taɓa tambayar yadda aka yi na iya?"

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa ya ɗauko fayil ɗin, ya miƙa mata da hannu biyu. Har ta kai ƙofa ya ce zai ɗauko mai kula da Baba, namiji, ko nawa ne. Ta ce Allah Ya ba da iko.

Lauyar ta shafe rabin yini tana juya shafukan, sannan ta sauke tabarau ta ce, "Yaronki ya iya aiki. Babu abin da ya bari. Hannu kawai za a sa." Goggo ta ji daɗi ya cika mata ƙirji, sannan ta ji haushin kanta da ta ji daɗin.

Kafin ranar sa hannu aka kawo mai kulan, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a da ya taɓa aiki a asibiti. Ba mugu ba ne. Yana ɗaga Yaya kamar jariri, yana kiransa Baba, yana kunna masa rediyo. Goggo ta koya masa komai, ta koma gefe ta naɗe hannu, tana ɗaure kwanukanta a kwali. Sai dai Yaya ya rage cin abinci. In mutumin ya kawo cokali, sai ya datse baki kamar ƙofar kanti. Wata safiya ta leƙa ana juya shi, ta hango wani ja kamar girman kwabo a ƙasan bayansa. Ta san abin da ja irin wannan ke zama in an bar shi: gyambo. Ta nuna wa mutumin, ya ce zai kula. Amarya ta bi ta har ɗaki ta ce, "Goggo, ki tafi abinki, wallahi kin yi iya yinki." Da gaske take, kuma idonta bai iya haɗuwa da na Goggo ba.

Aka sa hannu a saman shagon tayoyi. Mai sayarwa, shaidu, dillali yana ta washe baki. Lauyar ta bi da ita shafi-shafi, ta nuna mata sunanta, ita kaɗai, ba na wani a gefe. Aka miƙa mata makullai a ɗaure da igiyar leda.

Washegari ta je da magini ya duba gyara. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da bayan cokalinsa na gini, yana cewa ginin da ƙwari, fenti ne kawai da famfon da ke ɗiga. Rana ta shigo ta tagar gabas ta kwanta a simintin falo. Goggo ta tsaya a ciki ta ji ɗuminta a ƙafa. Ta leƙa ɗaki na biyu, wanda ta ce na ɗinki ne da baƙi, ta kama kanta tana duba inda gado zai zauna a iya zagaya shi ta kowane gefe.

Da za su fita ta tsaya a ƙofar shiga. Ta buɗe hannuwanta daidai faɗin da suka saba buɗewa kowace safiya in ta kama keken guragun Yaya za ta tura shi rana, ta matsa gaba a haka. Gwiwar hannunta ta bugi ƙarfen ƙofar hagu da dama.

"Mama, ƙofar lafiya lau take," in ji magini. "Sabuwa ce ma. Fenti kawai ko?"

Ta daɗe tana kallon makullan da ke tafin hannunta.

"Fasa ta," ta ce. "Ka ƙara mata faɗi, ka kuma kwantar da dokin ƙofar nan. Keken Yaya ba zai wuce ta nan ba."