Matar Ɗakin Gwajin Gas

Mai neman aiki na zaune a bencin jira, takardunta a cinya, idonta na kan matar da ke bayan gilashi. Matar ta haura hamsin, doguwa ce, kafaɗunta sun ranƙwafa, igiyar takunkumin fuska ta yi mata shaida a kumatu. A gabanta akwai faranti cike da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar maɓallan riga. Tangaran ne mai maganaɗisu, wanda ake sakawa cikin na'urar da ke kuwwa idan gas ya tsiyaya ko iskar guba ta taru.

Tana ɗaukar ƙwaya da hantsaki, ta sa a akwatin gwaji, ta murɗa famfon gas, ta jira allurar ma'aunin akwatin ta motsa, sannan ta ɗauki wata. Ɗakin ba taga, ƙofar kuma sai da kati. Duk sanda aka buɗe ta, matar kan juyo ta bi ta da kallo har ta rufe.

Mai neman aiki ta raya a ranta cewa akwai bakuna a gida da ke jiran wannan hannun, shi ya hana matar barin aikin.

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Shiga, ita za ta koya miki aikin."

Matar ta sauke takunkumi, ta matso, ta ja numfashi sosai.

"'Yata, turare kika shafa?"

"E, Inna. Ya yi yawa ne?"

"Ina na sani? Shekara tara rabona da jin ƙanshin komai. Zo ki zauna, ga kujerarki."