Mai Huda Makankari

Jiya ina neman allura a akwatin ɗinki sai hannuna ya taɓo wani tsohon zare da aka shirya wa ƙwanson makankari, kowanne da 'yar huda. Nan take na ji ƙarnin laka da gishiri.

Ka san a Guangzhou ta ƙasar China na tashi, inda Baba ke lodin kaya zuwa Kano. Shekarar da kakanmu ya rasu Baba ya ɗauko Kaka, wai ta huta. Ina hutu! Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana shirya tsakiya da murjani, ga baki kamar rediyo, sai ta kulle kanta a ɗaki. Ba magana, abinci sai an yi da gaske. Tsoro ya kama ni, na ɗauka ita ma tafiya za ta yi.

Bayan saukar damina Baba ya lallaɓa ta muka je bakin teku. Ruwa ya janye, ya bar laka shimfiɗe. Na tsinto makankari mai huda, zagayayya tsaf. Kaka ta jujjuya shi, ta ce, "Ke, mayar. Aikin wani ne, zai dawo nema."

Wata tsohuwar 'yar China da ke tonon laka ta ga na mayar, ta yi dariya. Ta cusa hannu ta zaƙulo dodon koɗi, ya lulluɓe wani makankarin da faffaɗan jikinsa. Tana bayani ina fassara wa Kaka: shi ne mai yin hudar. Yana bi ƙarƙashin yashi, ya kama wanda ya rufe kansa gam, ya tausasa ƙwanson da yawunsa, ya yi ta goga da harshe mai kaushi, ko da zai wuni, sannan ya zuƙe naman.

Na ce mugu ne. Kaka ta ce, "Abincinsa yake nema." Ta daɗe tana kallon ɓawon da ba komai ciki. "Ni na cikin nake tausayi. Ya rufe ƙofa, ya zaci ya tsira."

Ta cika gefen zanenta da makankarai masu huda. Washegari ƙofarta a buɗe, tana shirya su a zare, tana yi wa Baba faɗa a kan tuwon shinkafar da ya yi ruwa.

Yanzu an cike bakin tekun nan da ƙasa, manyan motoci ke bi. Kaka ma ta rasu. Amma duk ranar da baƙin ciki ya sa na kai hannu ga sakata, sai na fasa.