Sallar Azahar a Bayan Salansa

Tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kuma ko an kai ni kabari ba zan manta da ranar ba. Boko na tsaya a aji huɗu, amma da yake gemuna ya fi na kowa fari, ni aka naɗa limami a wurin aikinmu, wani katafaren sito a hanyar McLeansville, can ƙasar Turawa, inda muke loda wa tireloli kaya.

Mu shida ne Musulmi. A ɗakin cin abinci muke salla, har ranar da na ga wani yana ɗumama naman alade dab da dardumata. Na fusata, na kwashe jama'ata muka koma waje. Ga shi lokacin sanyi ne, irin mai sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa.

A lokacin ne kamfanin ya canja man motoci. Aka manna wa kowane tanki hoton koren ganye, manaja yana ta washe baki wai wannan dizal ɗin daga tsohon man suya da kitse ake yin sa, mai tsabta ne. Har yau in na tuna bakin mutumin nan raina ɓaci yake. Bai taɓa cewa kada a shaƙa ba. Ni kuwa, babban shehi, kalma ɗaya ce ta tsaya mini: kitse. Kitsen me? Sati biyu ina bin direbobi da tambaya, har wani ya gaji ya ce nasu na man waken suya ne. Shi ke nan, na yanke hukunci: hayaƙi ya halatta. Na shimfiɗa mana kwali a lungu tsakanin bango da tirelolin da ake bari a kunne, inda ɗumi ke busowa.

Aminina, mutumin Maraɗi, yana da asma. Ya ce, "Liman, wurin nan yana kama mini ƙirji."

Na ce, "Kai dai raki gare ka, Alhaji. Ka ga baƙin hayaƙi? Wannan ai kamar turirin ƙosai ne."

Don girmana ya ci gaba da bin salla a wurin. Kwana tara yana tari a bayana ina jan sura mai tsawo. Ranar ta goma muka ɗago daga sujada, shi bai ɗago ba. Ƙirjinsa na kuka kamar usur, leɓɓansa sun canja launi, maganin asmarsa na shaƙa ya kasa komai. Motar asibiti ce ta ɗauke shi.

Likita ta yi mana bayani: ko da hayaƙin ya fi na da sauƙi, hayaƙin inji ne, akwai iska mai guba da ƙura da ido ba ya gani, suna shiga can cikin huhu. Mai asma a lungu, shi ne na farkon da zai kamu. Ya rayu, amma bai sake iya aikin lodi ba.

A barandar asibitin na tarar da matarsa. Maimakon in sunkuyar da kai, sai bakina ya rigaye ni. Na ce, "Hajiya, wallahi sai da na bincika. Babu alade a man nan ko ɗigo."

Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Malam, ruwan zamzam ma in ka danna kan mutum a ciki, mutuwa zai yi."