Takardun Kawu Nomau a Rumbun Iri

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Farfesa Nomau, ƙanen mahaifiyata, kuma in zan faɗi gaskiya duk na yi su ne da tsoron gara. Gara dai wannan mai cin zana. Tun ran da aka sauke kwalayen takardunsa uku daga motar Yamai, aka sa su cikin ƙaramin rumbun ƙasa da ke bayan gidan kakanninmu, aka liƙe bakin da laka, ban taɓa wucewa ta wurin ban duƙa na duba duwatsun da rumbun ke kai ba. Mijina kan ce ni dama haka Allah ya yi ni, yaro ya yi atishawa sai na ɗauki mayafi mu nufi likita. Ban musa ba. Amma bana na zo da labarin da ya cika ni da murna, shi ya sa na nemi fili a wannan jarida ko da yake lakkwal tawa, makarantar boko ke nan, ba ta yi nisa ba.

Waɗanda suka san shi a birni sun san Farfesa, masanin kimiyyar siyasa. Mu a ƙauyenmu na Kurfai mun san yaron da aka kama da ƙarfi aka kai lakkwal a Filinge, uwarsa na kuka kamar an kai shi soja. Daga can ya wuce Yamai, daga Yamai ya haye teku, ya dawo da digirin dakta da wata jaka mai tsagaggen hannu wadda bai rabu da ita ba har ya mutu. Ya koyar a jami'a, aka ba shi sashensu ya riƙe, aka ƙara masa gaba, daga ƙarshe 'yan uwansa malamai suka zaɓe shi shugaban jami'ar baki ɗaya. Ran da labarin ya iso ƙauye, mata sun yi guɗa har awaki suka tsinke.

Amma duk damina sai ya zo. Ya ajiye mota a Filinge ya hau amalanke, ya bi ƙauyuka da biro da kaye, wato littafin rubutu, ya zauna gaban tsofaffi yana tambaya: yaya ake zaɓen mai gari tun kafin Nasara, wa ke raba rigimar rijiya, me ake yi in shugaba ya ƙi jin magana. Abin da suka faɗa masa shi ne ya cika kwalaye ukun nan. Yana cewa in ya sauka daga mulki zai mai da su littafi. Ciwo bai bar shi ya sauka ba.

Na yi shekara huɗu a gidansa ina budurwa, ina taya matarsa aiki. Wata rana ina ba shi ruwa na tambaye shi wai mene ne wannan siyasar da ake karantawa har a zama farfesa, alhali kowa na yin ta a tasha kyauta. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, “Ɗiyata, siyasa tambaya ukku ce. Wa ke buɗe rumbu, yaushe, kuma wa ke cin abin da ke ciki. Saura duk Faransanci ne.”

Na ga yadda yake aiki da wannan magana. Shekarar da ɗalibai suka yi yajin shiga aji kan abincin da ake dafa musu, manya sun ba shi shawara ya kira shugabanninsu ofis ya ja musu kunne. Bai yi ba. Ya fara da mata masu girki, ya ji nasu. Ya ji na mai gadi. Sannan ya ɗauki kwano ya bi layi tare da ɗalibai kwana uku, yana cin abin da suke ci. Ya dawo gida ran nan ya ce mini, “Mariyama, yaran nan suna da gaskiya, wannan shinkafar ko jaki sai ya yi tunani.” Sai bayan haka ya zauna da shugabannin, a kan tabarma, kuma ya bar su suka faɗi maganin da bakinsu. Ya sha gaya mini cewa ba a fara zuwa wurin mai mabuɗi, kuma ba a zuwa masa a tsaye.

Da ya rasu, yayansa Kawu Arzika ne ya karɓi takardun. Kawu Arzika bai bar hanyar kakanni ba, shi ke yanka a gindin tsamiyar gidanmu kafin shuka, kuma shi kaɗai ke da ikon cewa a buɗe rumbu. Ya ce maganar tsofaffi iri ce, wurin iri rumbu, kuma iri ba a fiddo shi sai ruwan shuka ya sauka. Duk shekara in na durƙusa na tambaya, amsa ɗaya ce: “Ruwan wanga iri bai sauka ba tukuna.” Mace kuwa ba ta leƙa rumbun gida. Sai dai in zagaya in zuba toka a gindinsa, in karya hanyar gara da tsinke, washegari in tarar sun gina sabuwa.

Bara, ina layin rigakafi da goyona a Filinge, na ji wata mata tana waya tana ambaton sunan Kawu Nomau. Kunya ta hana ni, tsoron gara ya ture kunyar. Ashe ɗalibarsa ce, Dakta Rabi, yanzu ita ke koyar da darasin da yake koyarwa, kuma shekara da shekaru suna neman inda takardun suka shiga. Da na ce suna cikin rumbu, sai ta dafe kai ta zauna a ƙasa da tufafinta masu kyau.

Sai dai ta yi gaggawa. Mako bai cika ba ta zo da mota da wasiƙa mai hatimi, ta tarar da Kawu Arzika a gona, ta miƙa masa takardar a tsaye. Ya juya ta sama da ƙasa ya mayar mata. Ya ce, “Wanda ya rubuto wagga, shi ya san kalar gonarmu?” Ya ci gaba da nomansa. Dakta ta koma mota idonta cike da hawaye, ni kuwa na ga kamar na kashe maganar da hannuna.

A nan ne na tuna da kwano da layi. Na fara da Iya Hassu, matar Kawu Arzika, na yi ta zuwa ina taya ta daka ban tada maganar ba. Rana ta biyar da kanta ta faɗa mini abin da ke ransa. Ashe ba taurin kai ba ne. Tsofaffin nan sun buɗe wa Nomau cikinsu don shi ɗan gida ne, har da maganar iskoki da rantsuwar da ake yi wa sabon mai gari. Tsoron Kawu shi ne baƙi su kwashe, su tafi birni su ce ga shirmen arna, a yi wa matattu dariya. Na kira Dakta Rabi na ce ta bar wasiƙa a ofis, ta zo lokacin maimai, ta zo da ɗalibai 'yan ƙasar nan, kowa da hauyarsa.

Sun zo wannan daminar, su tara, maza da mata. Wayyo, da kun ga noman 'yan jami'a! Wani ya sare gero ya bar ciyawa. Kawu Arzika ya bi bayansa yana cewa, “Kai, wanga karatu naku na kashe hatsi ne?” Amma sun kai yamma ba wanda ya gudu, hannuwa duk kanta. Da aka zauna shan fura ya tambayi kowa ɗan wane ne. Wata yarinya ta faɗi sunan kakanta na wajen Damana. Kawu ya ajiye ludayi. Ya san shi, sun yi kokawa suna samari, kuma yana cikin waɗanda Nomau ya zauna gabansu. Sannan ya dubi sama, ko gajimare babu, ya ce, “To, ruwa ya sauka. Gobe a ɗaga jinka.”

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su shida suka kama. Ni ina nesa da goyona. Kawu ya fasa lakar da kansa. Kwalin farko ya fito lafiya, na biyu ma haka, kayen ciki suna ƙamshin ganyen bedi, wato dogon yaro mai korar ƙwari, don ashe Iya Hassu ta cusa shi tun ran da aka kawo su, ba ta gaya wa kowa ba. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Dakta Rabi ta buɗe kaye ɗaya ta karanta da ƙarfi, da Hausarmu ta Kurfai yadda tsohon ya faɗe ta, sai ga Kawu Arzika yana ƙarasa maganar kafin ta kai ƙarshen layi.

Na uku, na ƙasa, gara ta riga mu. An ɗago shi ya zube kamar garin tuwo. Bangon kaye biyu kawai ya tsira, ɗaya an rubuta Bonkuku, ɗaya Damana, garuruwan da ya bi. Duk abin da tsofaffin can suka faɗa kan rabon rijiya tsakanin manoma da makiyaya ya tafi. Kawu Arzika ya ɗebi garin a tafinsa ya kalle ni ya ce, “Ɗiya, kin faɗi, ban ji ba.” Ban taɓa jin ya ce wa mace haka ba.

Nakan tambayi kaina me Kawu Nomau zai ce da zamanin nan. Yanzu kowa farfesan siyasa ne a cikin wayarsa, ana ta aika murya, ba mai tsayawa ya ji ta wani. Ina jin zai girgiza kai. Amma da ya ga 'yan mata 'yan Kurfai sun cika rabin ɗaliban da suka zo, da ya ga ɗalibarsa a gurfane kan tabarma gaban yayansa suna shawarar abin da za a buga da abin da zai zauna a gida, na san zai yi dariyar nan tasa mai ƙwarewa. An daidaita cewa ba shafin da zai fita sai an karanta wa Kawu Arzika ya yarda. Mai mabuɗi bai rasa mabuɗinsa ba, kuma kowa zai ci.

Kujerar Kawu Nomau a jami'a wani na kai yanzu, hotonsa na bangon ofis cikin jerin waɗanda suka wuce. Abin da ya rage nasa wanda ban ga gara za ta iya ci ba shi ne wannan hali na zuwa wurin mutane a zaune. Ni da ban gama firamare ba na ɗauke shi a bakin murhu, ya kuma buɗe mini rumbun da hatimi ya kasa. Ɗiyata ta fari ta shiga lakkwal bana, ina so ta girma ta tarar da littafin cikakke. Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya sa ya huta.

Saura kwali ɗaya, kuma shi ne roƙona. In kai ɗalibinsa ne kana da tsohon kayen da ka rubuta darasinsa kan rijiyoyi, kada ka bar shi ƙarƙashin gado, ka duba shi yau. In kai ɗan wajen Bonkuku ne ko Damana, kana da tsoho ko tsohuwa da suka tuna wani mai tsagaggiyar jaka da ya zo kan amalanke yana tambaya, ka zauna gabansu ka ɗauki muryarsu a wayarka tun suna da rai. Ka kawo tashar Filinge ran kasuwa ka tambayi gidan su Farfesa Nomau, masu amalanke duk sun san hanya.