Ɓaunar da Baba Bai Gani Ba

Baba ya daɗe yana cewa yana so ya sake ganin ɓauna kafin idonsa ya gama tafiya. Tun yana yaro a Arewa ya taɓa ganinta, kafin kasuwancin atamfa ya kawo shi Abidjan. Ni ce na ɗauki nauyin tafiyar. Na sa sababbin takalman yawo, muka hau mota a tashar Adjamé zuwa garin Man, daga can wata tsohuwar mota ta kai mu gandun dajin da ke kan duwatsu.

Hawan ya ba ni wuya. Baba da sandarsa yana gaba, ni haifaffiyar unguwar Treichville a cikin birni ina baya ina haki. Ɗan jagoranmu ya zaunar da mu bayan wani dutse da ke kallon rafi, ya ce kada wanda ya yi ko tari.

Muka jira har ƙafafuna suka mutu. Sai ga garken ɓauna suna gangarowa, jajaye, da ɗan maraƙi a tsakiya. Ɗan jagora ya ɗora wa Baba madubin hangen nesa yana juya masa a hankali.

"Ina suke?" Baba ya raɗa. "Hazo kawai nake gani."

A daidai lokacin kwarkwasa suka shige mini cikin wando. Na yi tsalle na kurma ihu da Faransanci, ina bubbuga ƙafa. Dajin ya ɗauki ƙarar kofato, rafin ya zama wayam.

Baba ya sauke madubin. Ya durƙusa yana cire mini kwarkwasar daga safa. "Sannu, 'yata. Sun cije ki sosai?"

Har muka dawo ban iya haɗa ido da shi ba.

Da muka iso gidanmu a Belleville, abokansa na masallaci suka cika falo. Ina zuba musu shayi wani ya tambaya, "To Alhaji, ka gan su?"

"Garke guda," in ji Baba. "Jajaye, har da maraƙi."

Abin da na faɗa masa a mota ne ya maimaita, kalma da kalma. Shayi ya zube mini a faranti. Na koma kicin na tsaya gaban murhu, ina jinsu suna ta "Masha Allah".

Da damina ta zagayo na ce mu koma. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba kuma.