Daɓen Ɗakinsu Na Farko A Kan Biskit

Shekara arba'in da ɗaya Mai Tayil ya yi yana durƙushe a gidajen mutane. In ka taɓa shiga wani falo a unguwarsu ka duba ƙasa, ka ga layi ya miƙe tsaf babu inda ya karkace, to da wuya in ba hannunsa ba ne. Gwiwoyinsa sun yi kanta, bayansa ya ɗan ranƙwafa, kuma har gobe in ya shiga gidan baƙi ba fuskar mai gida yake fara duba ba, ƙasa yake kallo. Mutane suna cewa kunya ce ta yi masa yawa. Ina fa kunya! Aikin wani yake dubawa, kuma yawanci bai gamsu ba.

Mutum ne mai yawan tafiya yana zaune. Sai ka gan shi ya zura wa labule ido, shayinsa ya huce a hannu, shi kuwa ya yi nisa, yana jera wasu launuka a wani babban ɗaki da ba a gina ba tukuna. Matarsa ce kaɗai ta iya dawo da shi. Takan buga cokali a jikin kofi ta ce, "Injiniya, an iso tasha, a sauko." Ita ta laƙa masa sunan don tsiya, tun ranar da ta kama shi yana auna tazarar kofunanta a kan kantar kicin.

Ita kuwa duk layin Maman Biskit suke ce mata. Biskit ɗin sukari take yi, ta murza kwaɓin da wata tsohuwar kwalba, ta yanka taurari da kifaye da 'yan gidaje, sannan ta bi su da farin kwaɓin ado mai sandarewa, ta ɗiɗɗiga ja da kore. Ba sayarwa take yi ba. Wanda ya ci jarrabawa, wadda ta warke daga zazzaɓi, sabon maƙwabci da ya tare, kowa da farantinsa. Ƙarafan yankan suna cikin wani gwangwani mai murfi, kuma Mai Tayil bai taɓa samun izinin taɓa shi ba.

Sai ciwon suga ya shigo gidan, ya kama Maman Biskit. Autarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ta kwashe sukarin kicin kaf ta yi gaba da shi, ta bar takarda a jikin firij mai ɗauke da dokoki. Bayan shekara biyu Maman Biskit ta fara cewa tana ganin hazo-hazo, amma ba wani abu ba ne, tsufa ne. Wata rana ta sa aka ɗora gwangwanin can saman kabad, ta ja kujera bakin tagar falo, ta zauna. Zaman da ta yi ke nan. Abinci sai an yi da gaske take cin loma uku, hira ta koma "to" da "a'a". Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ta daina ce masa Injiniya. Malam take cewa, cikin ladabi, kamar baƙo. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga matarsa tana tafiya alhali tana zaune a gabansa.

Ranar wata Talata da hantsi ya shiga kicin ya kira Auta a waya.

"Baba, kai ne za ka yi biskit?" in ji ta, tana ƙunshe dariya.

"Wanda ya kwaɓa siminti shekara arba'in, gari ne zai gagare shi? Faɗi kawai, ina rubutawa."

Ta lissafo masa: garin alkama da ba a cire wa dusa ba, garin gyaɗa kaɗan, ƙwai, man zaitun, kirfa, da dabino 'yan ƙwarori a jiƙa a dama. Ta ja masa kunne cewa dabinon ma zaƙi ne, guda biyu ƙanana Mama za ta ci a yini, kuma a ci gaba da gwada jininta kamar kullum.

Ya kwaɓa, ya murza da kwalbar nan, ya ɗauko ma'auninsa na aiki mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya wanke shi tas, ya ɗora a kan kwaɓin don ya ga ko ya kwanta daidai. Gwangwanin bai taɓa ba. Da rula da wuƙa ya yanka, murabba'i-murabba'i, kowane daidai da ɗan'uwansa. Wuta ta yi musu yawa a obin. Da ya juye su a faranti sai suka yi ƙara, ƙwal-ƙwal, har falo.

Daga bakin taga murya ta ce, "Wannan a banɗaki za ka manna shi ko a tsakar gida?"

Mai Tayil ya tsaya da faranti a hannu, daɗi ya cika shi har wuya. Wata biyar rabon da ta tsokane shi. Ba ta ƙara komai a kai ba, ta koma shirunta, amma shi ya riga ya ga ƙofa a buɗe.

Kullum da safe sai ya shiga kicin. Ya gane cewa kwaɓi ba siminti ba ne, ba ya son a matsa masa. Ya rage wuta, ya ƙara mai, biskit ya fara narkewa a baki. Saura ado. A nan ya gano cewa sukarin ne ke sa kwaɓin ado ya tsaya ya sandare. In babu shi, sai abu ya kwanta shame-shame. Bai karaya ba. Ya tace yogot a ƙyalle har ya yi kauri, ya haɗa da garin madara, ya raba a 'yan kofuna. Ruwan karas ya ba shi launin ruwan lemo, alayyafo ya ba shi kore, kurkur rawaya, jar saiwar nan bitrut kuma wani ja mai duhu da ya daɗe yana nema a tayil bai samu ba. Ya sayi siririn burushi yana zane a kai.

Kwanakin nan sun yi masa daɗi, gaskiya. Rana takan shigo ta ƙaramar tagar kicin ta haska garin da ke yawo a iska, ƙamshin kirfa ya cika gidan, shi kuma ya sunkuya yana jan layin ganye, har ya manta a wace shekara yake. Wani lokaci sai ya ga kamar teburin ya faɗaɗa ya zama wancan babban ɗakin da ba a gina ba, shi yana jera masa daɓe mai laushi wanda ake ci. La'asar na yi sai ya ɗora biyu a ɗan faranti, ya yi shela tun daga ƙofar kicin: "Yau jan fure ne da koren ganye!" Ita kuma ta ɗaga ɗaya saitin taga ta ce, "Kai, jan nan ya fito. Sannu da ƙoƙari, Malam." Ta cinye. Malam ɗin yana sosa masa rai, amma ai tana ci.

Ranar da abin ya faru, rawayan kifi ya zana, da ɗigon ja a wurin ido. Ya yi shelarsa, sai butar shayi ta tafaso ta fara zuba. Ya sauke ta a gurguje, ya suri faranti ya fita. Sai da ta ɗaga biskit ɗin saitin haske ya lura cewa ba wannan farantin ba ne. Waɗanda ya ajiye su huce ne, ko ɗigon launi babu a jikinsu.

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Oh, wannan kifi kamar ya yi iyo," in ji ta. "Dubi ɗan idonsa."

Ya koma kicin, ya tarar da kifayensa biyu a kan tebur suna kallonsa da jajayen idanu. Ya zauna a kan bokitin gari. Yanzu ne komai ya dawo masa: yadda take shafa bango in za ta banɗaki, ɗankwalin da ta ɗaura a bai-bai ranar nan, yadda take jira sai ya faɗi abin da ya zana kafin ta yaba. Ashe ba hazo ba ne, duhu ne ya kusa rufewa. Haushinta ya kama shi na ɗan lokaci, sannan haushin kansa ya danne wancan. Shi da ke hango tayil ɗin da ya goce da faɗin gashi tun daga bakin ƙofa, matarsa ta makance a gabansa bai gani ba. Wata biyu yana yi wa idon da ba ya gani kwalliya, ita kuma tana yi masa ƙarya don kada ransa ya ɓaci. Ya yi kuka, ba tare da sauti ba, don falon ba nisa.

Yana nan zaune babu takalmi, babban yatsan ƙafarsa yana bin layin da ke tsakanin tayil da tayil, kamar yadda ya saba in yana tunani. Layin ya ja shi har ɗakinsu na farko, ɗaki ɗaya a bayan shagon wani mai walda. Ba su da komai a lokacin. Ya riƙa tsinto fasassun tayil da aka zubar a wuraren aiki, ya jera mata su: da'ira a tsakiya, ganye takwas kewaye da ita, sai 'yan kusurwa uku-uku a gefe. Daɓen bai yi sumul ba, kowane gutsure da tsayinsa. Ita kuwa takan ce ko an ɗaure mata ido, tafin ƙafarta ya san inda take a ɗakin nan.

Washegari ya ture kofunan launi gefe. Ya murza kwaɓin da kauri, ya yanka shi manya, ya ɗauki murfin kwalba ya danna da'ira a tsakiya. Da gindin cokali ya fitar da ganye takwas, da bayan wuƙa ya bi gefe. Na farko suka kumbura a wuta, zanen ya shafe. Ya rage hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, ya sa kwaɓin a firij ya yi sanyi, ya ƙara zurfin layukan. A rana ta uku suka fito raɗau, babu launi ko ɗaya sai ruwan ƙasa na gashi.

Da la'asar ya kawo mata, bai yi shela ba. Ta karɓa ta yi jim, tana jira.

"Yau me aka zana?"

"Yana hannunki," ya ce.

Ta ɗaga shi saitin taga kamar kullum. Har ya fara da-na-sani. Can sai babban yatsanta ya faɗa cikin da'irar. Ya zagaya ta. Ya hau ganye na farko, na biyu, leɓɓanta suna motsi tana ƙirgawa. Ta sauke hannun a hankali zuwa cinyarta, ta daina yi kamar tana kallo, ta bi gefen kusurwa bayan kusurwa.

"Ɗakinmu ne," ta ce. "Na bayan mai walda."

Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyin suka yi ƙara.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar kifi."

"Babu kifin, ko?"

"Babu."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta ce tsoro take ji. Tsoron a ce za a taɓa mata ido da wuƙa, tsoron a taɓa kuma a ce an makara, tsoron ta zama kaya a wuyansa bayan ita ce ke riƙe da gidan. Ya ce gobe za su kira Auta su faɗa mata gaskiya, ta kai su wurin likitan ido, abin da za a iya a yi, wanda ba za a iya ba su ji da kunnensu. Ya ce ƙafarsa ƙafarta. Yatsanta dai yana ta yawo a kan biskit ɗin, sannan ta gyaɗa kai.

Can yatsan ya tsaya a wata kusurwa. Ta ɓata fuska.

"Amma ka yi ha'inci a aikin nan, Injiniya. Ina tsagar bakin ƙofa?"

Numfashinsa ya tsaya. Ya tuna da ita sarai: dutsen guga ne ya suɓuce mata a makonsu na farko ya tsaga tayil ɗin bakin ƙofa. Sau nawa ya ɗauko guduma zai canza shi tana hana shi, wai ta nan ƙafarta ke sanin ta iso gida. Amma ba tsagar ce ta tsayar masa da numfashi ba, sunan ne.

"Akwai sauran kwaɓi?" ta tambaya.

"Akwai tire guda, ban gasa ba."

"Tashe ni."

Ta dafa kafaɗarsa, suka taka har kicin, shi a gaba ita a baya. Ta laluba tebur, ta taɓa kwaɓin, ta ce ya cika gari, kuma wa ya ce masa ana barin kwalba ba a goge ba. Ta ce gobe ya sauko mata da gwangwaninta. Sannan ta bi tiren da hannu, guda goma sha biyu, kowane ta nemo gefen ƙofa ta ja masa tsaga da farce.

Mai Tayil, wanda bai taɓa miƙa wa kowa aiki da tsaga a jiki ba, ya ɗauki tiren da hannu biyu ya zura a obin. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jira. Bayan 'yan mintoci ta ɗaga hanci ta shaƙi iska.

"Rage wutar nan, Injiniya," ta ce. "Za ka ƙona mana ɗaki."