Magudanar Iliyasu A-bar-mu

Idan ka shiga ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure ka tambayi Malam Iliyasu, za a ce maka wanne, don Iliyasu suna da yawa. Amma kana cewa A-bar-mu, kowa zai nuna maka gidan. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da aka kawo gabansa, takin tallafi ne, rance ne, ko wata sabuwar doka, amsarsa ba ta canzawa: "Don Allah a bar mu."

Gajere ne, kakkaura, ƙafafunsa duk faso saboda laka. Tunda yake bai taɓa bin layin buhun tallafi ba. Matarsa Zuliha ta yi mita har ta gaji.

"Malam, kai kaɗai ne mai zuciya a garin nan? Kowa ya karɓo sai mu?"

"Zuliha, na ga masu karɓar. Sai sun yi ta durƙuso a ƙofar gidan yaron da suka haifi kamarsa. Gara in sayar da akuya in sayi nawa, in kwana ba wanda nake jin nauyinsa."

Kuma kada ka zaci a kan buhu kawai ra'ayin nasa ya tsaya. Akwai shekarar da dattawa suka taru a ƙofar masallaci za su kai ƙarar samari masu askin banza da kiɗan biki, a turo mota a kwashe su. Shi kaɗai ya ƙi. Ba wai askin ne ke burge shi ba, don da nasa ɗan ya yi, da kansa ya zaunar da shi ya yi masa ƙwal. Cewa ya yi, naka ka aske shi, na wani ka yi masa nasiha, amma ranar da kuka nuna wa hukuma hanyar cikin gidajenku, ba za ta ƙara mantawa ba. Aka watse ana ce masa mai taurin kai, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne magudanarsu. Gonakinsu suna can gefe, inda ruwan babbar hanyar ruwa bai kai ba. Tun yana da ƙarfinsa ya tara manoman wajen, suka nemi izinin buɗe baki ɗaya, sannan suka haƙa tasu da diga da shebur. Ba shugaba, ba sakatare. Ƙa'ida ɗaya ce tak: duk farkon rani, idan laka da ciyawa sun cike ta, a fito yashe. Wanda ya shiga yashe yana da ruwa. Tsoho ko mara lafiya, maƙwabcinsa ya yi masa. Ba a tambayarka garinku, ba a tambayarka jam'iyyarka.

A haka Kefas ya same su. Daga Filato ya zo da matarsa Sabina, ya kama hayar gona a ƙasan ta Iliyasu, kunya ɗaya ce tsakaninsu. Ranar yashe ya zo ya tsaya daga gefe yana rarraba ido, wasu na ƙunƙuni wai baƙo ne. Iliyasu ya miƙa masa sheburinsa. Kefas ya naɗe wando ya faɗa laka, bai fito ba sai da aka tashi. Da wani ya sake ɗaga maganar da yamma, tambaya ɗaya Iliyasu ya yi masa: "Ya shiga laka ko bai shiga ba?" Daga ranar aka bar zancen. Sheburin ma Iliyasu bai karɓa ba, ya ce Kefas ya riƙe. Shekaru suka yi suna noma gefe da gefe, suna cin rogo da ƙuli a inuwa ɗaya, har albasar Kefas ta fi ta wanda ya koya masa kyau, Iliyasu yana tsokanarsa da cewa ɓarawon sana'a ne.

Sai kuma Badamasi, ɗan yayar Iliyasu. A bakin magudanar nan ya girma, ya yi boko, ga shi da baki. Duk maganar da kawun nasa ya yi a dunƙule, Badamasi ne ke warware ta a majalisa, har ta fi daɗin ji a bakinsa. Iliyasu yana ji da shi fiye da 'ya'yan cikinsa, kuma bai ɓoye ba.

Da aka fara raɗe-raɗin za a ƙwace ƙananan magudanu a sa su ƙarƙashin kwamiti, Badamasi ya same shi a gona.

"Kawu, wannan zaman gefe da muke yi ba zai fisshe mu ba. In ba mu shiga ba, wasu za su shiga su yi mana yadda suka ga dama. Ka bar ni in nemi kansila. Ba komai zan je yi ba, hanawa zan je yi."

"Badamasi, ban taɓa ganin wanda ya hau kujera don ya zauna hannu rabbana ba. In ka hau, sai an tambaye ka me ka yi. Mu kuwa abin da muke so kada a yi komai."

"To ai shi zan yi, Kawu. Ni ka raina, a bakinka na koyi magana."

Sun daɗe suna wannan ja-in-ja, amma a ƙarshe Iliyasu ya sakko. Mutumin da bai taɓa zuwa taron siyasa ba, sai ga shi gida-gida yana neman ƙuri'a. Da ya je wajen Kefas bai yi dogon bayani ba, ya ce, "Yaron nan nawa ne, na tsaya masa." Kefas ya ce, "In kai ka faɗa, Malam, an gama." Ranar zaɓe har mutanen cocinsu ya kwaso.

Shekarar farko, gaskiya, Badamasi ya yi abin da ya ce. Wasu sun zo za su ƙaƙaba wa manoma sabon haraji a bakin gona, ya kore su. Iliyasu har da ce wa Zuliha ashe shi ne bai fahimci abin ba.

A shekara ta biyu ya zo da albishir, ya samo aikin shafe magudanar da siminti. "Kawu, kun huta da yashe har abada." Abin bai kwanta wa Iliyasu ba, amma bai iya cewa ga dalili ba. Wa zai tsaya gaban jama'a ya ce ya fi son laka? To amma ba a ba da aikin sai ga ƙungiya mai rajista, sai aka kafa ƙungiya, yaran Badamasi suka zama shugabanni. Da siminti ya zo, ƙofofin ƙarfe suka biyo shi, babba a baki, ƙanana a mashigar kowace gona, kowace da makullinta. Makullai kuma sai da mai riƙewa, aka ɗauki wani magidanci, Mustapha. 'Yar sharar da ta rage, leburori ake ɗauka su yi. Ranar buɗewa aka yaye ƙyalle daga jikin allo, sai ga rubutu ɓaro-ɓaro: Magudanar Malam Iliyasu A-bar-mu. Aka yi ta tafi, shi kuwa yana ta kallon tarin makullan da ke hannun Mustapha.

Abin da bai iya faɗa ba a lokacin, rani ya faɗa masa. Tunda babu yashe, da me mutum zai ce yana da ruwa? Sai da katin ƙungiya. Katin kuma aka ce za a fara da 'yan gari, baƙi su ɗan jira. Da ruwa ke da yawa ba wanda ya damu. Amma a ranin da ruwan babbar hanya ya ja baya, aka kulle ƙofar duk wanda ba shi da kati, daidai lokacin da albasar Kefas ta fara yin kai.

Iliyasu ya tafi gidan Badamasi. Ya tarar da benci cike da masu jiran ganin Kansila, ya zauna a ƙarshen layi, kuma wannan zaman kaɗai ya ishe shi baƙin ciki. Da Badamasi ya hango shi ya fito da sauri, ya durƙusa, ya ja shi ciki.

"Haba Kawu, kai ma sai ka bi layi? Ga katinka nan tuntuni, kai ne lamba ɗaya."

"Na Kefas fa?"

"Ana duba batunsu."

"Albasarsa ba za ta jira dubawa ba. Mutumin nan ya kwashe laka a magudanar nan fiye da duk shugabannin ƙungiyarka. Kuma da bakina na ce masa na tsaya maka."

Badamasi ya sosa ƙeya. "Kawu, ka fahimce ni. Zaɓe na tafe. In na ba baƙi ruwa 'yan gari suna kallo, kujerar ta tafi. In ta tafi, wa zai tsare ku?"

"Ya tsare mu daga wa, Badamasi?"

Badamasi ya kau da kai. Can ya ce, "Kai dai naka ruwan ba zai yanke ba, da kati ko ba kati. Wannan alfarmar ni na yi maka." Iliyasu ya tashi ya bar katin a kan tebur. Da a ce baƙo ne ya yi masa haka, da ya ce dama abin da yake faɗa ke nan. Amma wannan yaron da hannunsa ya koya masa riƙon shebur, da ƙafarsa ya nema masa ƙuri'a.

Washegari da aka buɗe masa ruwa, ya sa fartanya ya fasa kunyar da ke tsakaninsa da Kefas, ruwan ya gangara cikin albasa. Ba a jima ba Mustapha ya zo, kansa a ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri, ni aiko ni aka yi. An ce ruwan ƙungiya ne, ba a kyauta da shi." Ya murɗa makulli. Kullum haka, yana fasawa ana kullewa, har albasar ta kwanta, ganyen ya yi fari.

Kefas bai yi rigima da kowa ba. Ya mayar wa mai gona gonarsa, ya haɗa kaya a motar tumatir mai komawa kudu. Kafin su tashi ya zo gona da sheburin nan, an sake masa ƙota ya fi a ƙirga, bakin duk ya cinye.

"Malam, ga amanarka. Kada ka sa komai a ranka, ba kai ka yi ba."

Da zaginsa Kefas ya yi, da ya fi masa sauƙi. Iliyasu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Da safe ya je gona. Dashen shinkafarsa ya galabaita, ƙasa ta tsattsage saboda kulle-kullen da aka yi ta yi. Sai ga Mustapha da fara'arsa, ya buɗe ƙaramar ƙofar har ƙarshe. "Baba, Kansila ya ce a gaishe ka. Ya ce tunda magana ta ƙare, a bar maka ita a buɗe kullum." Ruwa ya shigo da gudu, ƙasa tana sha tana ƙara. Daidai nan Zuliha ta iso da kwanon fura.

Iliyasu ya tsaya yana kallon ruwan, ya juya ya kalli gonar da ke ƙasa, babu kowa. Sannan ya naɗe wando, ya ɗauki sheburin Kefas, ya shiga. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa ruwa hanya, sai ga shi yana ɗibar laka yana dannawa a mashigar gonarsa.

"Malam," in ji Zuliha, "shinkafar fa?"

"Na gan ta."

Bai ɗago ba sai da ya toshe bakin tsaf, ya taka shi da ƙafa. Ruwan ya taru, ya juya, ya koma cikin siminti, ya wuce ta ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunansa.